Jagora ga Ɗalibin Madina Mai Son Kama Sana'a: Izini, Haraji da Ajiyar Tsufa

"Ai babu haraji a Saudiyya." Da wannan magana yawancin ɗalibanmu ke shiga sana'a a Madina, kuma ita ce ke jefa su cikin matsala. Gaskiya ne gwamnati ba ta cire harajin albashi daga ma'aikaci, ɗan ƙasa ne ko baƙo. Amma mai albashi daban, mai ciniki daban. Duk wanda ya fara saye da sayarwa, ko yin aiki don kansa, dokoki da yawa ne suka hau kansa lokaci guda: ta zama, ta ƙwadago, ta kasuwanci, ta zakka da haraji, da ta inshorar ma'aikata.

Aikina a garin nan shi ne riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa littattafan lissafi. Da an fita Ramadan, ko an gama aikin Hajji, sai ƙannenmu su fara zuwa da damuwa iri ɗaya: an rufe wa wannan asusu, an rubuta wa wancan tara, wani kuma abokin haɗin gwiwarsa ya juya masa baya. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ba haɗama ce ta kai yawancinsu ba. Mukafa'ar da jami'a ke ba ɗalibi duk wata ba ta kai ƙarshen wata, a gida kuma ana kallon wanda ke Madina a matsayin wanda ya samu. Neman na kai ba laifi ba ne, sai dai yana da ƙa'ida, kuma tun ran gini ran zane.

Abubuwan da za ka tanada

Katin shaidarka, igama ce ko katin ɗan ƙasa, wanda wa'adinsa bai ƙare ba. Asusun Absher da manhajar Nafath, domin da su ake shiga kusan kowane shafin gwamnati. Lambar waya da aka yi wa rajista da sunanka, ba da sunan aboki ba, saboda nan ake turo lambobin tabbatarwa da gargaɗin hukuma. Adireshin ƙasa da ake yi wa rajista a gidan waya. Asusun banki na sana'a, dabam da wanda mukafa'a ke shiga. Littafi ɗaya mai layi, ko jadawali a kwamfuta. Sai jaka ko fayil na ajiye fatura da rasit. Ke 'yar'uwa mai lalle, ɗinki ko girkin sayarwa, duk abin da zan faɗa ya shafe ki kamar yadda ya shafi ɗan'uwanki.

Mataki na 1: Dubi takardar da ke aljihunka

Kafin a zo maganar nawa za ka biya, sai an san ko an yarda ka yi sana'ar. Hausawan da ke karatu a Madina kashi uku ne, kuma hukuncin kowanne daban.

Na farko, ɗan ƙasa. Jikokin mutanenmu da suka zo tun zamanin tafiyar ƙasa ta Sudan, da yawansu suna da katin ɗan ƙasa, suna karatu a Jami'ar Ɗaiba da sauran makarantu. Wannan ƙofa a buɗe take gare shi, kuma matakai na 3 zuwa na 7 nasa ne kai tsaye.

Na biyu, wanda aka haifa a nan amma yana kan igamar mahaifinsa. Haihuwa a Madina ba ta mayar da shi ɗan ƙasa ba. Matsayinsa na ɗan rakiya bai ba shi damar buɗe kasuwanci ba, kuma in zai kama aiki sai an mayar da shi ƙarƙashin ma'aikatar da za ta ɗauke shi. Wanda mahaifiyarsa 'yar ƙasa ce yana da sassauci wajen aiki a kamfanoni, amma ko shi ya tabbatar da matsayinsa a rubuce kafin ya zuba jari.

Na uku, kuma su suka fi yawa cikin masu zuwa wurina, ɗalibin minha, wato mai tallafin karatu, da ya zo daga Najeriya, Nijar ko Gana zuwa Jami'ar Musulunci, wadda aka kafa a 1961. Ƙanena, igamarka ta karatu ce, jami'a ce kafilinka, kuma babu izinin aiki a cikinta. Dokar ƙasar ta hana baƙo yin aiki don kansa. Hukuncin yana kaiwa tarar riyal 50,000, ɗaurin wata shida, sannan tarhil, wato korar mutum zuwa ƙasarsa. Ga ɗalibi akwai ƙarin asara da ba a rubuta a takardar hukunci ba: shekarun karatu sun tafi, shahada ba ta zo hannu ba.

Ɗalibai kan ce mini, "Yaya, ai ɗan dabino ne kawai nake kai wa alhazai masauki, ba shago na buɗe ba." Doka ba shago take dubawa ba. Wanda ke sarin ajwa da safawi a babbar kasuwar dabino yana ɗora riba, da mai ɗaukar alhazai a mota zuwa Uhudu da Ƙuba don kuɗi, da mai karɓar la'ada a bakin shagunan Markaziyya da ke kewaye da Masallacin Annabi, da mai tallar jallabiya da turare a WhatsApp, duk aiki don kai suke yi. Cewa mutane da yawa suna yi ba a kama su ba, ba hujja ba ce da za ta tsaya maka ranar da aka tsayar da kai. Idan jami'a ko wata hukuma ta nemi ɗalibai don tafinta ko jagorantar alhazai a lokacin Hajji, wannan wata hanya ce dabam, amma ka ga takardar izini da sunanka a kai kafin ka fita, kuma ofishin kula da harkokin ɗalibai ya san da zancen.

Akwai halastattun ƙofofi ga baƙo, sai dai ba na mai mukafa'a ba ne. Ana yin rajista da Ma'aikatar Zuba Jari, har da rukunin masu sabuwar fikira da ke buƙatar takardar goyon baya daga jami'a ko cibiyar renon kasuwanci da aka amince da ita. Akwai kuma igama ta musamman da aka fito da ita a 2019, riyal 800,000 ta dindindin, 100,000 ta shekara, aka ƙara mata wasu rukunai a 2024. Wanda ya shiga ta nan a matsayin baƙo, harajin riba na kashi 20 cikin 100 ne a kansa, ba zakkar hukuma ba. In kai ɗan minha ne, karanta mataki na 2 da na 4, sannan ka tsallaka zuwa na 8.

Mataki na 2: Kada ka ari sunan wani, kada ka ba da aron naka

A nan Hausawa suka fi faɗawa, saboda abin yana zuwa ne da fuskar zumunci. Ɗalibin minha yana da jari da basira, abokinsa ɗan ƙasa yana da kati. Sai a buɗe sijil, wato rajistar kasuwanci, da sunan ɗan ƙasan, baƙon ya riƙe kasuwanci, a riƙa ba mai suna wani abu duk wata. Wannan shi ake kira tasattur, kuma sabuwar dokarsa ta 2020 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara biyar da tarar da ta kai riyal miliyan 5. Hukuncin yana hawa kan su biyun, ana iya ƙwace abin da aka samu, a rufe wurin, a kori baƙon. Dokar ta kuma ware wa wanda ya kai rahoto lada har zuwa kashi 30 cikin 100 na tarar da aka karɓa, wato sirrin da mutum uku suka sani ba shi da tabbas.

Ko da hukuma ba ta gano ba, dubi matsayin kowa. Kai baƙo, kaya da asusu da na'urar karɓar kuɗi duk da sunan wani suke. Ranar da kuka saɓa, ko Allah ya yi masa rasuwa magada suka zo, ba ka da takardar da za ka kai gaban alƙali ba tare da ka tona wa kanka asiri ba. Kai kuma ɗan ƙasa, bashin 'yan sari, harajin da ba a biya ba, da tarar baladiyya (hukumar gari), duk sunanka za su bi, ko da ba ka taɓa taka shagon ba.

Mataki na 3: Zaɓi takardar da ta dace da sana'arka

Ga ɗan ƙasa mai shekara 18 zuwa sama, hanya mafi sauƙi ita ce takardar aikin kai, wadda ake kira wasiƙatul amalil hurr. Ma'aikatar Albarkatun Ɗan'adam da Ci gaban Al'umma ce ke bayar da ita ta intanet, kyauta, tana aiki shekara ɗaya, ana sabuntawa. Ta dace da mai sayar da ƙwarewarsa: fassara, zane a kwamfuta, ɗaukar hoto, rubuta manhaja, sana'ar hannu. Za a nemi shaidar cewa ka iya abin, ko takardar horo ko samfurin aiki. Da ita kana iya buɗe asusun banki na sana'a, ka nemi rance a Bankin Ci gaban Al'umma, ka shiga inshorar tsufa da kanka. Ka zaɓi sana'ar da kake yi da gaske. Mai takardar fassara da aka samu yana sayar da turare, takardarsa ba ta rufe shi ba.

Idan kuwa za ka kama shago, ka shigo da kaya daga waje, ko ka ɗauki ma'aikaci, sijil tijari kake buƙata daga Ma'aikatar Kasuwanci, sannan lasisin baladiyya na wurin. Tun Afrilun 2025 sijil ɗaya ya wadatar a duk faɗin ƙasar, ba ya ƙarewa, amma dole ka tabbatar da bayanansa kowace shekara. Shawarata ga ɗalibi ita ce kada ya yi gaggawar buɗe sijil don kawai a ce yana da mu'assasa, wato kamfani. Sijil yana jawo fayil a hukumar zakka da wajibai na shekara-shekara, kuma waɗannan ba sa tsayawa don kana jarrabawa. Wanda ya daina sana'a ya je ya soke shi, kada ya bar shi a buɗe. Kafin ka yanke shawara, cibiyar Monsha'at ta tallafa wa ƙananan sana'o'i tana da ofis a Madina, ka je ka zauna da masu ba da shawara.

Mataki na 4: Raba aljihu, buɗe littafi

Wani ɗalibi ya taɓa miƙo mini wayarsa, hannunsa na rawa, ya ce, "Yaya, duba mini, katina ya daina aiki." Na bi bayanan asusun. Wata da watanni ba abin da ke shiga sai mukafa'a, ana cire ta kaɗan-kaɗan a kantin unguwa. Daga shigowar Ramadan sai ga kuɗi suna kwarara daga mutane daban-daban, dubu biyu, dubu biyar, ɗari takwas, suna fita a ranar da suka shigo. Taimako yake yi: mai Umara ya tura naira a gida, shi ya ba da riyal a nan, wani lokaci ko kwabo ba ya ci. Amma banki ba ya ganin niyya, yana ganin asusun ɗalibi da ke juya kuɗin da suka ninka samunsa sau da yawa. Bankuna suna ƙarƙashin dokar hana halasta kuɗin haram, kuma canjin kuɗi sana'a ce mai lasisi daga babban bankin ƙasar. Kada ka mayar da asusunka hanyar wucewar kuɗin kowa, ko malaminka ne ya roƙe ka. Ka nuna masa wurin canji mai lasisi, ka raka shi in ya cancanta.

Ga mai halastacciyar sana'a, kuɗin ciniki su shiga asusun sana'a kaɗai. A littafi ka ja layi biyar: kwanan wata, abin da ya faru, shiga, fita, lambar fatura. Ka rubuta a ranar, domin abin da aka bari sai Juma'a rabinsa ya ɓace. In ka ɗauki kuɗi don cefane ka rubuta shi a matsayin abin da mai sana'a ya cira, kada ka cusa shi cikin kuɗin kaya. Rasit ɗin na'ura yana goge kansa cikin zafin Madina, saboda haka ka ɗauki hotonsa tun yana sabo. Dokar VAT ta ce a ajiye takardu aƙalla shekara shida.

Mataki na 5: Sa ido kan haddin harajin VAT

Wannan shi mutanen gari ke kira dariba. An fara shi ranar 1 ga Janairun 2018 a kan kashi 5 cikin 100, aka ɗaga shi zuwa 15 ranar 1 ga Yulin 2020. Hukumar ZATCA ce ke karɓa, wadda aka samar a 2021 da aka haɗe hukumar zakka da haraji da ta kwastan.

Rajista tana wajaba idan cinikinka ya wuce riyal 375,000 cikin wata goma sha biyu. Daga 187,500 kana iya yi don ganin dama. Kuskuren da aka fi yi shi ne auna wannan haddi da riba. Ciniki ake nufi, wato jimillar abin da ka sayar. Riyal 375,000 a shekara bai fi 31,250 a wata ba, kuma mai dabino ko mai turare yana iya haɗa rabin wannan tsakanin Sha'aban da Zulhajji alhali ribarsa ba ta taka kara ta karya ba. Kuma ba a jiran Disamba. Ƙarshen kowane wata ka tara cinikin wata goma sha biyun da suka wuce, ka kuma duba abin da kake sa ran sayarwa a masu zuwa. In ka tsallake haddi, kwana 30 gare ka ka nemi rajista. Tarar rashin yi riyal 10,000 ce.

Ga yadda lissafin yake. Ka sayi katan ɗin dabino a kan riyal 230, a ciki 30 haraji ne. Ka sayar 345, a ciki 45 haraji ne. Abin da za ka miƙa wa hukuma shi ne 45 a cire 30, saura 15. Ribarka 100 ce, ba 115 ba. Don fitar da haraji daga farashin da ya riga ya haɗa shi, ka ninka da 15 ka raba da 115. Masu cire kashi 15 kai tsaye daga 345 suna samun 51.75, su biya abin da ba a bin su. Wannan 30 da ka cire kuwa ba za a amince da ita ba sai kana da cikakkiyar fatura mai lambar harajin wanda ya sayar maka. Ɗan sarin da ya rage maka riyal biyar ya hana ka fatura, ya cuce ka.

Wanda bai yi rajista ba haramun ne ya ƙara wa mai saye kashi 15 da sunan dariba. Fitar da faturar haraji ba tare da rajista ba tana jawo tarar da ta kai riyal 100,000. Wanda ya yi rajista kuma, farashin da ya liƙa a kan kaya ya zama ya haɗa haraji. Tun 4 ga Disamban 2021 an daina karɓar faturar hannu, sai ta na'ura, kuma wadda ake ba mai saye tana ɗauke da tambarin QR. Daga Janairun 2023 aka fara haɗa na'urorin 'yan kasuwa kai tsaye da dandalin Fatoora rukuni-rukuni, ana sanar da kowane rukuni wata shida kafin lokacinsa. Kada ka sayi manhajar fatura sai ka tabbatar tana iya wannan haɗin.

Ƙaramin ɗan kasuwa yana kai bayani duk wata uku, kuma wa'adin shi ne ƙarshen watan da ke biye: 30 ga Afrilu, 31 ga Yuli, 31 ga Oktoba, 31 ga Janairu. Da kalandar miladiyya ake bi, ba ruwanta da azumi ko hutun jami'a. Ko ba ka sayar da komai ba sai ka kai bayanin sifili. Jinkirin kai bayani tararsa daga kashi 5 zuwa 25 cikin 100 na harajin, jinkirin biya kuma kashi 5 kowane wata. Dabarar da nake ba kowa ita ce ya kwashe kason haraji daga cinikin kowane mako ya ajiye gefe. Kuɗin nan tun farko amana ce a hannunka, kada ka juya su a sari.

Mataki na 6: Zakka

Saudiyya tana karɓar zakkar dukiyar kasuwanci daga 'yan ƙasa tun farkon shekarun 1950, kuma abin da aka tara yana tafiya ga mabuƙata da ke cikin shirin tallafin gwamnati. Mai sijil zai kai bayaninsa cikin kwana 120 bayan ƙarewar shekarar kuɗinsa, wato ƙarshen Afrilu ga mai rufe littafi a Disamba. Adadin kashi 2.5 cikin 100 ne a shekarar hijira, yana ɗan haurawa zuwa kusan 2.58 ga mai bin miladiyya saboda ƙarin kwanakinta. Ba a kan riba kaɗai ake lissafa ta ba, shi ya sa wanda bai ci riba ba yana iya samun zakka a kansa. Ƙananan wuraren da ba su da cikakkun littattafai hukuma ce ke ƙiyasta musu. In ƙiyasin ya zarce gaskiya kana da damar ƙorafi cikin wa'adi, kuma littafin mataki na 4 shi ne hujjarka. Ɗaliban shari'a ba sa buƙatar in tuna musu cewa biyan VAT ba ya sauke zakka, kuma dukiyarka ta kanka da ba ta cikin sijil tana nan a wuyanka idan ta kai nisabi shekara ta zagayo.

Mataki na 7: Inshorar tsufa

Mai shekara ashirin da biyu ba ya son jin zancen fansho, amma mai aikin kansa ba shi da wanda zai tuna masa. Hukumar GOSI, wadda ake kira ta'aminat, ita ke riƙe wannan. Takardar aikin kai ba ta sa ka cikinta kai tsaye, sai ka nema da kanka a matsayin mai shiga don ganin dama, kuma ɗan ƙasa kaɗai ke da wannan dama. Za ka zaɓi matakin samu daga riyal 1,200 zuwa 45,000 a wata, ka biya kason ma'aikaci da na mai gida duka. A tsohon tsari kashi 18 cikin 100 ne: 216 a wata ga mai matakin 1,200, 540 ga mai 3,000. Sabuwar dokar Yulin 2024, wadda ta shafi duk wanda bai taɓa shiga ba kafin lokacin, ta sa shekarun ritaya 65, ta kuma tsara kason fansho na kowane ɓangare ya riƙa ƙaruwa da rabin kashi duk shekara daga Yulin 2025 har ya kai 11 a 2028. Ɗalibin yau a wannan rukuni yake, don haka ka duba adadin da manhajar ta nuna maka kafin ka amince. Ni ina ganin gara ka fara da ƙaramin matakin da za ka iya riƙewa har a watannin da kasuwa ta mutu bayan tafiyar alhazai, domin watanni ake ƙirgawa. Ka kuma sani wannan shiga ta fansho ce kawai, ba ta haɗa da raunin aiki ko tallafin rasa aiki na Sanid ba.

In ka ɗauki ma'aikaci, wajibi ne ka yi masa rajista. Ga ɗan ƙasa da ke kan tsohon tsari kai za ka biya kashi 11.75, a cire masa 9.75. A albashin riyal 4,000 ke nan 470 daga gare ka, 390 daga gare shi, ana biya zuwa 15 ga watan da ke biye. Ga baƙo kashi 2 ne kawai na haɗarin aiki, daga aljihun mai gida. Tun 1987 aka cire baƙi daga reshen fansho, saboda haka duk Bahaushen da ke aiki da igama ya san babu abin da ake tara masa na tsufa a nan.

Hattara da masu zuwa wurin ɗalibai 'yan ƙasa su ce a ba su lambar kati su rubuta ka a matsayin ma'aikaci, a riƙa ba ka ɗan wani abu kana zaune. Suna yi ne don cike gurbin 'yan ƙasa da doka ta ɗora musu. Laifi ne, ana soke watannin in an gano, kuma yana iya toshe maka tallafin da ake ba masu neman aiki ranar da ka gama karatu.

Mataki na 8: Ɗan minha, kafa sana'arka a gida

Abin da aka hana ka shi ne gudanar da sana'a a cikin Saudiyya. Mallakar kasuwanci a Kano ko Maraɗi kuwa tsakaninka ne da dokar ƙasarka. Tikitin hutun shekara da jami'a ke bayarwa shi ne damarka. Ka je gida ka yi wa sunan kasuwanci rajista a hukumar CAC, ka buɗe asusu da sunan, ka naɗa wakili amintacce, ɗan'uwa ko aboki, ku rubuta yarjejeniya da shaidu: jarin wa, aikin wa, kason riba nawa, asara a kan wa. Kun karanta babin ƙiradi a fiƙihu, ku yi aiki da shi. In dabinon Madina ko jallabiya kuke son kaiwa kasuwar Singa ko Kantin Kwari a Kano, kasuwancin gida ya saya daga kamfanin Saudiyya mai sijil, kamfanin ya fitar da kayan da takardunsa, kuɗi su bi ta banki daga can zuwa nan ba tare da sun ratsa asusunka ba. Kayan ci da aka ƙunsa suna buƙatar amincewar NAFDAC. Cusa katan-katan cikin awon kayan alhazai ba hanya ba ce. Aikin intanet kamar fassara ko koyarwa don kuɗi, ni dai shawarata ka bar shi sai kana gida lokacin hutu.

A Najeriya sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 sun fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Naira 800,000 na farko na samun shekara babu haraji a kansu, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15 cikin 100, daga nan yana hawa har 25 ga manyan masu samu. Wanda ribarsa ta kai naira miliyan 2 bayan cire kuɗin gudanarwa, harajinsa 180,000 ne. Mai sunan kasuwanci hukumar harajin jiharsa yake kai wa bayani, zuwa 31 ga Maris, ko da yana Madina a ranar, don haka wakili ya san da wannan. Ta fuskar tsufa, hukumar PenCom ta buɗe tsarin ƙaramin fansho ga masu aikin kansu tun 2019: kana zuba abin da ya sauwaƙa, ana ware wani kaso da za ka iya cira in buƙata ta taso, sauran ya jira ritaya. Ɗan Nijar kuma ya bi ta Maison de l'Entreprise ya karɓi rajistar kasuwanci da lambar haraji ta NIF, ya tambayi hukumar inshorar ma'aikata ta CNSS sharuɗɗan shiga.

Kafin ka koma Madina bayan hutu, ka bar wa wakili kwafin takardun rajista, ka sa banki ya riƙa turo maka bayanin asusu ta imel, ku kuma tsayar da rana ɗaya a wata da zai ɗauki hoton shafin littafi ya aiko maka.